Ban Bar Surukina Ya Bi Layi Ba

Har gobe ranar Talatar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da aka shigo da surukina asibitinmu a bayan a-kori-kura, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama yana lilo. Ku sababbin ma'aikata ku saurara da kyau, domin laifin da zan ba ku labari nawa ne.

A lokacin ni ne ƙaramin jami'in lafiya a wani asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Gwarzo, wajen Lakwaya. Shugabanmu Malam Idi ne, dattijo mai furfura. Kowace Talata ranar masu hawan jini ce. Mutum ya karɓi katinsa, ya bi layi, a auna shi, a rubuta, a ba shi maganin wata guda. Wanda layi ya kai wa Malam Idi ya shiga ɗakinsa, wanda ya kai mini ya shigo nawa.

Surukina, mahaifin matata Hauwa, mutumin Dugabau ne ta ƙasar Kabo. Ba zan kama sunansa ba, Baba nake ce masa. Manomi ne mai 'yan shanunsa, bai kai sittin ba, kuma kunya a gidansu gado ce. Ko ruwa bai taɓa sha a gabana ba. Da Hauwa ta ce yana fama da ciwon kai da jiri, ni na matsa ya riƙa zuwa wurinmu, duk da nisa. Na auna, jini ya hau sosai, na ɗora shi a kan magani.

To, ga inda na yi wautar. Da na hango shi a bakin ƙofa sai in tashi, in durƙusa in gaishe shi, in karɓe katin, in wuce da shi ɗakina. Surukina ya bi layi ina nan? Haba! Ni a ganina girmamawa ce.

A wata na uku, bayan na cire masa abin awo, sai ya ce, idonsa a ƙasa, "Malam, shi Malam Idi ba ya nan ne?"

Na ce, "Yana nan, Baba, amma layinsa da tsawo. Ai ga ni. Akwai wata damuwa ne?"

Ya ce, "Babu. Allah ya yi albarka."

Sau uku yana yi mini wannan tambaya a watanni daban-daban. Wallahi har haushi na ji a raina, na zaci raina aikina yake yi. Daga baya awon ya sake hawa. Na tambaye shi ko yana shan magani, ya ce yana sha, ni kuwa na ƙara masa ƙarfin maganin. Sai ya daina zuwa. Na aika Hauwa ta tambaya, aka ce aikin gona ne ya riƙe shi.

Ranar da aka kawo shi, mun tura shi babban asibiti nan take, aka tabbatar shanyewar ɓarin jiki ce. A barandar asibitin ne amininsa, Malam Sule wanzami, ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, yau dole in cire kunya in faɗa maka. Tun kafin maganinku ƙarfinsa na namiji ya fara raguwa, da ya soma sha sai abin ya mutu gaba ɗaya. Ya yi ta zuwa don ya gaya wa dattijon nan naku, kai kuwa kullum ka tare shi. Da wane bakin zai faɗa wa mijin 'yarsa? Shi ne ya ajiye ƙwayoyin, ya koma sayen maganin maza a kasuwa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Nan take na zauna a ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan matsala, an koya mana. Hawan jini kansa yana lalata ƙananan hanyoyin jini har namiji ya rasa kuzari, wasu magungunan kuma suna ƙara abin. Ana iya canja magani, ana iya tura mutum ga likita. Zancen minti biyar ne a ɗakin Malam Idi, ɗakin da bango ɗaya ya raba da nawa.

Da na gaya wa Malam Idi, sai ya ce, "Ka ba shi girma, amma ka hana shi likita." Bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Baba ya yi wata bakwai a kwance, ba magana. In na je dubiya sai ya juyar da fuskarsa bango, har a wannan halin kunyata yake ji. Ya rasu ana gab da girbin dawa. Allah ya jiƙansa.

Shi ya sa kuke ganin ina faɗa a kan abu biyu. Duk namijin da ke shan maganin hawan jini, ku tura ƙofa, ku tambaye shi da kanku yadda iyali suke samunsa, domin mazanmu ba za su fara ba. Kuma in surukinka ne, ko baffanka, ko malaminka, ka gaishe shi ka miƙa katinsa ga wani. In dattijo ya tambayi wani ma'aikaci, kada ka ji haushi, ka raka shi.

Hauwa ba ta san komai ba, kuma ba zan iya faɗa mata ba, sirrin mahaifinta ne. Har yau in an yi zancensa sai ta ce wa mutane, "Allah ya saka wa maigidana, ko sau ɗaya bai bar Baba ya bi layi ba." Ni kuwa sai in tashi in fita waje.