Shef Iliya Bai Koma Gida Ba

Ina cikin tiram, jirgin ƙasa na cikin gari, zuwa Bron a gefen Lyon, Rifkatu matar Iliya ta kira ni. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Malam Dauda, yayanka ya cika a asibiti can Paris." Har na wuce tashar da zan sauka ban sani ba.

Iliya mutumin Maradi ne, tsohon soja, dattijon 'yar majami'armu ta Hausawa a Lyon. A wurin aiki shi ne shugaban magina, kowa Shef yake ce masa. Yana da takardun zama da gida mai ɗumi. Yawancin waɗanda ke ƙarƙashinsa ba su da ko ɗaya.

Cikin duk abin da ake karanta mana ran Lahadi, labari guda ya riƙe: na sojan nan da sarki ya kirawo daga fagen yaƙi ya ce ya je gida ya huta, shi kuwa ya kwanta a ƙofar fada, don abokansa suna kwance a fili. Ko wa'azin Kirsimeti aka ba Iliya, sai ya kewaya ya dawo kan sojan nan, mu kuma muna ƙifta wa juna ido. Na taɓa ce masa, "Yaya, ka dai san ƙarshen labarin? An tura shi gaba a fagen yaƙi, aka janye aka bar shi, aka kashe shi." Ya ce, "Ƙarshen aikin sarki ne, Malam. Ni na soja nake karantawa."

Kamfani ya kai su wani gini kusa da Stains, a gefen Paris. Da aiki ya kusa ƙarewa aka ce za a sallami marasa takardu. Suka zauna cikin ginin, suka ce ba su fita sai mai kamfani ya sa hannu cewa sun yi masa aiki, don da shaidar nan ake neman izinin zama. Tsakiyar hunturu ne, gini ba taga ba ƙofa. Mai kamfani ya ja Iliya gefe, ya ce rigimar ba tasa ba ce, ya koma Lyon. Iliya ya nemo kwali ya shimfiɗa.

Rifkatu ta aike ni da bargo. Na same shi tsaye a bakin shiga yana tari, mutanensa na salla a ciki. Kullum haka yake tsare musu, kada a rufe wurin suna sujada. Na ce, "Zo mu tafi, ka ga likita ka dawo." Ya ce, "Ran da na fita, za a ce musu Shef ma ya gaji." Bargon kuwa a kafaɗar wani na gan shi kafin in tafi.

Mai kamfani ya sa hannu. Daga ginin nan, asibiti aka wuce da Iliya.

Wurin zaman makoki maginan suka zo, suka cika ɗaki, suka zauna a ƙasa. Rifkatu ta dube ni ta ce, "Malam, kai mai karatu ne. Shi wancan sojan, an tambayi matarsa kafin ya kwanta a ƙofar?" Na ce ba a rubuta ba. Ta ce, "Na sani." Ta tashi ta zuba musu abinci.

Ubangiji ya yi wa Iliya jinƙai, ya buɗe masa ƙofa ya shigar da shi ciki. Ya ta'azantar da 'ya'yansa, ya cika wa mutanensa abin da ya tsaya musu a kai. Ya kuma riƙe Rifkatu, wadda ba a tambaya ba.