Idwal Rosser, Wakilin 'Yan Juji

A Nantglas, garinmu na masu haƙar kwal, in ka ɗaga kai, kafin ka ga sama sai ka ga juji. Baƙin tsauni ne da mutane suka tara da hannunsu, duwatsu da laka da dusar da aka tace daga kwal, tun kakanni ake zubawa har ya kere hasumiyar majami'a. In ka hango wani ɗigo a can ƙololuwa yana tafiya a karkace kamar hankaka mai ciwon ƙafa, to Idwal Rosser ne.

Ubansa ɗan rami ne, wato mai haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa, yayyensa ma haka. Shi ma da ya tasa aka sa masa hular kwano aka tura shi cikin kejin da ke sauka da mutane ƙarƙashin ƙasa. Kejin na fara sauka, Idwal ya amayar da karin kumallonsa a kan takalmin shugaban aiki. A ranar aka dawo da shi sama, aka ce ya je juji inda iska ta wadata. Can ya girma, can ya yi furfura, iskar ce ma ta karkatar da shi. Da can juye tarago ne aikinsa. Da gwamnati ta kafa dokar cewa kowane juji sai an riƙa duba shi ana rubutawa, sai aka ƙara masa da zagaye: ina ya tsage, ina ruwa ke tsattsafowa, ruwan fari ne ko baƙi. Ya dawo ya zauna a rumfar kwano ya rubuta a littafi, da wani rubutu sai ka ce kaza ta taka tawada.

Abin da ke ci wa 'yan juji tuwo a ƙwarya shi ne motar kwal. Duk wata takan bi layi tana juye wa 'yan rami kwal ɗin ɗumama gida a ƙofarsu, kyauta. In ta zo ƙofar ɗan juji sai ta ƙara mai. Dalili, ɗan kwangila ne ke ɗaukar 'yan juji, kuma manajan rami ya ce shi ba ruwansa, duk wanda ƙidayar gwamnati ba ta kira shi ma'aikacin rami ba, to ba shi cikin rabo. Saboda haka da sanyi ya shigo sai ka ga matansu da buhu a gindin juji suna tsintar ɓarɓashi. Tegwen matar Idwal ta yi tsintar nan har yatsunta suka daina miƙewa sosai.

Akwai wani hali na mutanen kwarinmu da Idwal ya fi kowa riƙo da shi. In an yi maka tayi, ko na shayi ne ko na magana, ba ka karɓa a karon farko, sai a ce ba ka da tarbiyya. A na biyu ma ka ƙi, amma ka sassauta murya. Sai a na uku za ka ce to, tunda an matsa. Mai tayin ya san aikinsa, kai ma ka san naka, ba wanda ke kwana da yunwa. Idwal ko neman auren Tegwen haka ya yi shi. Ubanta ya yi masa tayin shigowa ɗaki, ya tsaya a waje ruwa na dukansa yana cewa ai nan ma lafiya lau, sai da tsohon ya cika ƙa'ida.

To rannan Emlyn, sakataren ƙungiyar ƙwadago, ya tara mutane a zauren ƙungiya, yana haki kamar an biyo shi. Ya ce akwai wani kwamiti a Landan da ke ba gwamnati shawara kan yadda ake ƙidaya ma'aikata, kuma suna son mutum ɗaya daga masu duba juji ya zo ya zauna da su. Zaure ya rikice. 'Yan juji suka miƙe tsaye, 'yan rami suka fara tsiya.

Wani daga baya ya ce, "A tura Idwal. Amma a roƙe su kada su sa shi a keji, mutanen Landan takalmansu na da tsada."

Emlyn ya buga tebur ya ce, "Idwal Rosser, za ka je mana?"

"Ni? A rasa wanda za a tura sai ni? Ku nemi mai baki."

"Kai muke so, Idwal."

"Ai ƙafata ba ta da daɗi kwanan nan."

"Haba ɗan'uwa, daure ka je."

"To, tunda kun nace."

Aka kaure da tafi. Tun a ranar gari ya tsaya cak a kan maganar. Mai aski ya yi masa aski kyauta har sau biyu a mako guda. Aka aro masa kwat ɗin mai ɗaukar gawa, don shi kaɗai ne kwat ɗinsa bai san ƙurar kwal ba. Emlyn ya kafa shi a gaban madubi yana koya masa abin da zai faɗa, magana ɗaya tal: a ƙidaya 'yan juji cikin ma'aikatan rami. Tegwen kuwa ta toya masa 'yan wainar alkama masu zabibi, ta naɗe da burodi da cuku, tana ɗaurewa tana faɗa.

"Ka dai ji na gaya maka. In ka dawo ba ka faɗa ba, ka wuce juji kawai ka kwana da littafinka."

"Ke dai ki ajiye buhun nan, kin gama tsinta."

"Sai na gani a ƙofa, maigida."

Ranar tafiya har 'yan badujala suka fito tasha. An rufe kantuna, 'yan makaranta sun zo da malaminsu, limamin majami'a ya yi addu'a mai tsawon da sai da direban jirgi ya katse shi da usur. Murna ta sa Idwal yunwa, tun jirgi bai fita daga kwari ba ya cinye wainar tas, ya bi da burodin.

Ɗakin taron a Landan ya fi zauren ƙungiya girma, ga wani dogon tebur mai sheƙi da mutum zai iya gyara gashin baki a cikinsa. Shugaban kwamiti, Mista Aldous, dattijo mai tabarau a kan karan hanci, ya ba shi hannu ya nuna masa kujera kusa da wata siririyar mace, Mis Lacey, wadda ita ce mai haɗa lissafin ƙidayar. Idwal ya zauna a bakin kujera, hularsa a kan gwiwa.

Wata mata ta turo keken shayi ta tsaya a kansa ta ce, "Shayi, yallaɓai?"

"A'a, kada ki wahalar da kanki, yanzu na sha."

"To," in ji ta, ta tura kekenta gaba.

Idwal ya bi keken da ido har ya fice. Ya ce a ransa wataƙila sabuwar ɗauka ce, ba a gama koya mata aiki ba. Da rana aka shigo da faranti cike da burodi da nama. Wani saurayi ya miƙo masa, bakin Idwal ya riga kansa, ya ce ai a ƙoshe yake. Faranti ya wuce bai waiwayo ba. Cikin gogan naka ya yi wata ƙara da har Mis Lacey ta duba ƙarƙashin tebur.

Aka yi ta magana a kan masunta, aka yi ta masu saƙa, aka yi ta masu aikin tashar jiragen ruwa, wa za a sa a wane rukuni. Can sai ya ji an ambaci juji. Mista Aldous ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Mista Rosser, kai ne ka zo daga wurin. Kana da abin cewa?"

Maganar tana nan a kan harshensa, a gyare, yadda Emlyn ya jera masa ita. Amma abin da aka sha a nono ba ya fita don an hau jirgin ƙasa.

"A'a ranka ya daɗe, ni wa? Ku ne manya."

"Madalla. Batu na gaba."

Idwal ya gyara zama yana jiran tayi na biyu. Tayi bai zo ba. Ya yi gyaran murya irin wanda ake yi a majami'a in liman ya manta sanarwa. Mis Lacey ta turo masa kofin ruwa, ya ce a'a na gode, ta janye abinta. Sai a lokacin abin ya faɗo masa gaba ɗaya: mutanen nan sau ɗaya suke tayi, kuma abin da ka faɗa shi suke ɗauka. Gumi ya karyo masa a cikin kwat ɗin mai ɗaukar gawa. Ya tuna da tasha, da badujala, da mai askin da bai karɓi komai ba. Ya tuna da yatsun Tegwen. Amma a ce mutum ya tsoma baki a taron manya ba a neme shi ba, wannan ko a mafarki bai taɓa yi ba, uwarsa sai ta juya a kabari.

Rana ta yi sanyi. Mista Aldous ya fara tattara takardu yana godiya, kujeru suka fara ƙara, wani har ya ɗauki lemarsa. Idwal bai san sadda ya miƙe ba, hularsa ta faɗi ƙasa.

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Sau ɗaya ka tambaye ni."

Mista Aldous ya tsaya da takarda a hannu. "Na'am?"

"Saura biyu."

"Saura biyu me, Mista Rosser?"

"Tambayar. A wajenmu sai an yi uku mutum ke amsawa. Na farko ba a lissafa shi."

Mis Lacey ta dube shi, ta dubi kofin ruwan, ta ce a hankali, "Kana nufin tun safe ba ka ci komai ba?"

"Ba a matsa mini ba, baiwar Allah."

Mai lema ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Mista Aldous bai yi ba, sai dai gefen bakinsa na rawa. Ya ajiye takardunsa, ya koma ya zauna, ya yi wa sauran nuni su ma su zauna. Ya gyara tabarau kamar alƙali.

"Mista Rosser, kana da abin cewa?"

"Ai ba wani abin kirki ba ne, kada in tsare ku."

"Mista Rosser, don Allah, kana da abin cewa?"

"To, tunda ka nace."

Daga nan fa madatsa ta ɓalle. Jerin Emlyn ya bi iska. Idwal ya faɗa musu yadda juji ke nishi bayan ruwan sama, da yadda suke zagaye shi cikin hazo suna laluben tsaga, ƙasan ƙafarsu kuma makaranta ce da gidajen mutane. Ya faɗi littafin da gwamnati ta ce a riƙa cikawa, ya ce ga hannun da ke cika shi. Ya kwaikwayi motar kwal tana ƙara mai a ƙofarsa, har da ƙarar injin. Ya kawo yatsun Tegwen, ya kawo buhu, ya ma kawo labarin takalmin shugaban aiki wanda ba wanda ya tambaye shi. Sai da numfashi ya ƙare masa sannan ya tuna da abin da aka aiko shi. "Ku ƙidaya mu cikin 'yan rami. Shi ke nan abin da na zo faɗa."

Mista Aldous ya juya ga Mis Lacey. "A wane rukuni suke yanzu?"

"Ba su a ko'ina," in ji ta. "Na daɗe ina ganin rahoton duba juji yana zuwa da sa hannun mutane, in nemi masu hannun a ƙidaya in rasa. Ɗan kwangila na zaton rami ya ba da sunansu, rami na zaton ɗan kwangila ya bayar." Ta riga ta zaro alƙalami, idonta na ƙyalli kamar wadda ta tsinci abin da ya ɓace mata tuntuni.

"Mu shawara kawai muke bayarwa, Mista Rosser," in ji Mista Aldous. "Amma wannan za mu ba da ita, kuma da ƙarfi. A kawo wa mutumin nan abinci, kuma kada wanda ya tambaye shi, a ajiye a gabansa kawai."

Shawara tafiyar hawainiya gare ta. Kaka ta wuce, sanyi ya shigo, 'yan rami suka samu abin tsokana, duk inda Idwal ya gifta sai a ce ga Ministan Juji. Tegwen ta ci gaba da tsintarta. Sai ana gab da Kirsimeti sabuwar ƙidaya ta fito da 'yan juji a cikin ma'aikatan rami, Emlyn ya ɗauke ta da gudu zuwa ofishin manaja, ya fito yana rawa a tsakar titi da tumbinsa.

Ranar da motar kwal ta taka birki a ƙofar Idwal, layin gaba ɗaya ya fito. Ta ɗaga baya ta juye, baƙar ƙura ta tashi, yara suka yi ta ihu. Maƙwabta suka zo da bokiti da shebur don a kwashe a kai bayan gida kamar yadda aka saba. Tegwen ta tare su da hannu.

"Kada wanda ya taɓa. A nan zai wuni."

"Ruwa fa zai sauko, Tegwen," in ji Idwal.

"Ya sauko. Kwal ba gishiri ba ne."

Ta shiga ta fito da kujera da lema, ta kafa a gefen tarin ta zauna. Ruwa ya sauko ɗin kuwa. Duk wanda ya zo wucewa sai ta gaishe shi da sunansa, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, don dai ya tsaya ya gani da kyau. Wajen la'asar ɗan sandan gari ya zo a kan kekensa ya ce tarin ya tare hanya, a kwashe. Tegwen ta ce ya zagaya ta layin baya, ai ba nisa. Ya dubi tarin, ya dube ta, ya juya kekensa ya zagaya.