Wushiryar Inna

Wushiryarta na fara gani. Tana tsaye a ƙofar otal cikin ƙawayenta tana dariya, sai na hango ratar nan tsakanin haƙoranta na sama, irin ta Umma sak. Ban tambayi kowa ba, na nufe ta.

Ƙanwar Umma ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta zo umra daga Kano, kuma kafin su koma ita da ƙawayenta sun ɗauki bas da ɗan rakiya don su wuni suna zaga Jidda. A waya ta ce wa Umma ba za ta samu zuwa gidanmu a Hindawiyya ba, amma a turo mata ni in taya ta Larabci, tunda ranar ba makaranta. Umma ta ce to, da yake a Balad, tsohon garin Jidda, za a ƙare yawon bayan la'asar, ita za ta jira a ƙofar garin, Bab Makka, su gaisa ko a tsaye ne. Rabonsu da juna tun kafin a haife ni.

Na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana."

Ta kama hannuna ta ja ni gefe. Hannunta da laushi, da sanyi.

"Hajiya za ki ce. Kin ji ko? Kuma ban da surutu."

Surutu dama ba halina ba ne. Ta rataya min jakarta, ta ba ni wayarta, ta ce aikina ɗaukar hoto.

A cikin bas kujeru sun cika, aka nuna min kular ruwa da ke tsakiyar hanya na zauna a kai. Matar da ke kusa da Inna, mai zobe a kowane yatsa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan fa daga ina?"

"Yarinyar gidan Yaya ce, mai yi mata aike," in ji Inna. "Ita Yaya sun tafi Madina da maigidan. Da a gidanta za mu ci abincin rana. Kina zaune a falonta kina kallon teku."

Tagar ɗakinmu bayan na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta take kallo, mai ɗigar ruwa a kan igiyar shanyarmu. Umma kuwa wanki take yi a gidajen mutane. Da yammacin jiya ta sa lalle har wuyan hannu don ya rufe tsagar da sabulu ya yi mata, ta tsaya a kan wuta tana suyar alkaki irin wanda ta ce mahaifiyarsu na yi musu. Ba ni da waya. Ba yadda zan gaya mata kada ta fito.

Ɗan rakiyar dogo ne, Bahaushe, yana riƙe da makirfo, kowace magana sai ya rufe ta da "yalla", wato mu je. Ya kai mu masallacin nan da aka gina a kan ruwa. A Jidda aka haife ni, amma ranar na fara taka shi. Na ga ƙananan kifaye suna zagaye ginshiƙansa. Ban samu na kalle su sosai ba, don Inna na kira. Na ɗauke ta tana kallon teku, na ɗauke ta ta ɗaga hannu kamar mai addu'a. Duk hoton da za a ɗauka sai ta yi dariya, wushiryar ta fito.

A kasuwar kifi na yi musu ciniki. Mai zobba ta ji Hausata ta tuntsire da dariya.

"Kai, ku zo ku ji! Yarinya, sake faɗa. Me kika kira ruwa?"

Na ce moya. Ta sa na maimaita ta ɗauka a wayarta. Da aka kawo shinkafa da soyayyen kifi suka zagaye faranti, ni aka ce in tsaya wajen takalma da jakunkuna. Bayan sun tashi Inna ta turo min farantin da ƙafa. Kawuna ne da ƙaya, sai ɓawon lemun tsami.

Muka tsaya jikin katangar maƙabartar Hauwa'u, suka yi addu'a, wasu har da hawaye. Ni rana nake kallo. Inuwar bas ta fara tsawo.

Da muka doshi Balad ɗan rakiya ya buga makirfo da yatsa.

"Hajiyoyi, a riƙe jaka da kyau. Waɗancan da kuke gani a bakin titi namu ne. Sun zo gaida Annabi suka manta hanyar gida. Ba takardar iƙama, ba kafili mai tsaya musu, ba kunya. Yalla!"

Bas ta ɗauki dariya. Na san shi a fuska. Ƙanwarsa a layinmu take sayar da gyaɗa.

Sai ga Umma. Tana tsaye a gindin wani tsohon gida mai tagogin katako, cikin abayar da ta aro wajen maƙwabciya, ta yi mata tsawo, bakin abayar ya kwashi ƙura. Ta rungume robar alkaki a ƙirji. Ta ɗage niƙabi ta ɗora a ka don a gane ta, tana bin tagogin bas ɗaya bayan ɗaya, tana murmushi tun kafin ta ga kowa.

Mai zobba ta dafa cinyar Inna.

"Hajiya, dubi waccan mai tallar! Wallahi kamar ke. Har wushiryar!"

Mata suka miƙe suna leƙe. Wata ta ce a ɗauke su hoto tare a kai wa Alhajin Inna. Inna ta haɗe leɓɓanta.

"Allah ya kiyaye," ta ce. Ta ja labulen taga har ƙarshe. "Ku je ku dawo, ni ƙafata ta kumbura."

Suka sauka suna dariya. Ta gilashin gaba na ga Umma tana duba fuskar kowace mai saukowa. Mai zobba ta tsaya a gabanta, ta buɗe robar ba tare da ta tambaya ba, ta gutsiri alkaki ɗaya, ta yamutsa fuska, ta wuce. Umma ta mayar da murfin. Ta matso kusa da ƙofar bas, ta tsaya.

Mu biyu muka rage, sai direba da ya kwantar da kujera. Inna ta rufe ido. Na ga jijiyar wuyanta tana bugawa.

"Kada ki kuskura ki sauka," ta ce, ba ta buɗe idon ba. "In ta gan ki shigowa za ta yi."

Wayarta na hannuna, ta yi ɗumi. Na buɗe hoton masallacin kan ruwa, wanda ta fi yin dariya a ciki. Na sauko daga kan kula na durƙusa a gabanta.

"Hajiya, ki bar ni in miƙa mata wayar ta taga. Hoton kawai za ta gani, in karɓo."