Minti Biyu na Kawu Almakashi

A gidan rediyon nan, ko sabon ɗauka ne kai, kafin a nuna maka banɗaki za a ba ka labarin ranar da Kawu Almakashi ya danna maɓallin da ba shi ba.

Aikinsa tace murya. Shekara goma sha biyu yana ɗan ɗakin ƙarshen baranda, fanka na kuka a kansa, ya zura wa kwamfuta ido. A allonsa magana takan fito kamar haƙoran zarto. Sai ya ja linzamin kwamfutar ya shata wurin da ba a so, wurin ya yi shuɗi, ya faɗaɗa shi, ya matso da gefen nan, ya janye wancan kamar faɗin gashi, don kada ya haɗa da numfashin mutum. Sannan ya goge. Maɓallai biyu ne maƙwabta: ɗaya yana cire abin da aka shata, ɗayan yana barin sa ya cire duk sauran.

Babban abin tacewarsa shi ne mai gabatar da shirin safe, wanda gari ke kira Zaƙin Murya. Gari bai san cewa bawan Allahn nan ba ya haɗa jimla sai da tari biyu da “wato” huɗu ba. Kawu ne ke share masa hanya kullum, ko sannu babu.

Ran nan a taron ma'aikata Zaƙin Murya ya gyara zama ya ce wa manaja, “Ranka ya daɗe, ɗakin can na Kawu a mai da shi sito mana. Ni muryata a tace take fitowa. Jan linzami kuma ai ko kyanwa ta iya.”

Aka yi dariya. Manaja ya ce zai duba, ranar Litinin a ji hukunci.

Kawu ya tashi ya koma ɗakinsa. A gida kuwa ya kasa cin abinci, sai juya cokali yake. Matarsa ta ce, “Malam, wa ya taɓo ka?” Ya ce, “Wai kyanwa.” Ta san shi sarai: ba ya faɗa, amma ba ya mantuwa. Da ta ga ya goge rigarsa ta zuwa taro da safiyar Alhamis, sai ta yi wa wani addu'a, ko da ba ta san ko wane ne ba.

A safiyar nan aka ɗauki shiri. Sau bakwai Zaƙin Murya yana fara gaisuwa yana sarƙewa. Ya yi tari, ya zagi kujera, ya tambayi sunan baƙon da ya ce amininsa ne, ya sha ruwa, ya yi gyatsa. Kawu ya shata wannan wuri tsaf, minti biyu cif. Sai yatsa ya sauka a kan maƙwabcin maɓalli.

Abin da gari ya ji ke nan da ƙarfe tara, daga nan sai kiɗa. Waya ta yi ta ƙara, mutane na tambaya ko mai shirin ba shi da lafiya.

Manaja ya kira Kawu yana huci. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, “Kuskure ne, ranka ya daɗe. Wanda nake zubarwa kullum ne ya fita.”

Manaja ya dube shi. Ya ce, “Kullum?”

“Shekara goma sha biyu.”

Litinin ta zo ta wuce, ba a sake zancen sito ba. An ma sauya wa Kawu fanka. Zaƙin Murya kuwa yanzu sai ya ƙwanƙwasa kafin ya shiga, ya ce, “Kawu, an tashi lafiya? Ya iyali?”

Abin da ya hana mutane yarda cewa kuskure ne shi ne gefunan. Yankan ya fara daidai kan tarin farko, ya tsaya daidai ƙarshen gyatsa, ko gashi bai wuce ba. Mai karanta labarai takan tsokane shi: “Kawu, tsakaninka da Allah, kuskure ne?”

Sai ya gyara tabarau, idonsa na kan allo, ya ce, “Kuskure ne mana, 'yata. Sau uku ma na saurare shi kafin in yi.”