Kaskon Ƙosai da Gwiwoyina

Shekarun da na yi ina tuyar ƙosai a bakin titin Dayi, karin kumallona guntayen da suka ƙone a kasko ne. Su nake tsincewa in kora da koko mai sukari. Da rana taliya, da dare tuwon masara. A hankali cikina ya fara kumburi yana ƙugi, daga baya ciwo ya sauka gwiwoyi da yatsu. Da asuba sai na jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin in iya buga ƙullu.

Maigidana ya ce sanyi ne. Surukata ta ce basir ne, ta jiƙa mini saiwa. Da abin ya ƙi, ƙanena ya goya ni a babur zuwa asibiti a Malumfashi.

Likitar mace ce. Ta danna cikina, ta duba yatsuna, ta ce, "Hajiya, me kike ci kullum?"

Na faɗa mata. Ta ce hanjina ya wahala, kuma irin wannan kumburi idan ya daɗe ba ya tsayawa a ciki kaɗai.

"Ki bar man da aka yi ta tuya da shi, ki rage sukari. Ki yawaita zogale da rama, da dafaffen wake, da nono."

Na ce, "Likita, ai a kan man nan nake wuni."

Ta rubuta mini magani.

Na gwada shawararta, kuma cikin ya lafa. Sai dai tukunyar gidanmu ɗaya ce. Ranar da surukata ta gan ni ina kwaɗon zogale a gefe, ta tsaya a kaina.

"Yanzu tuwonmu ne ya zama guba?"

"A'a, Inna, likita ce ta ce."

Maigidan ya ja ni ɗaki. "Ki yi haƙuri, ki ci abin da kowa yake ci. Ba na son magana."

Bafulatanar da ke kawo mana nono ma ta daina zuwa, tun da tsoron 'yan bindiga ya tashi rugarsu.

Na koma tuwo, na koma guntayen ƙosai, don yunwa ba ta jira in tashi kasuwa. Na san abin da zai sa in ji sauƙi, a bayan katangarmu ma yake fitowa. Har yau ina zaune gaban kaskon nan, ƙafa a miƙe saboda ba ta lanƙwasuwa. Idan direbobi suka ce, "Hajiya, ya jiki?" sai in ce da sauƙi, in zuba musu yaji.