Muzurun da Na Kulle Cikin Hayaƙi

A lokacin ina zawarci a gidanmu cikin birnin Zariya, ina ɗinkin hula. Ba ni da abokin hira sai wani baƙin muzuru da na yi renonsa tun yana ɗan tsurut. Ni kuwa matsoraciya ce ta gaske, ko ƙadangare ya motsa a bayan randa sai na yi salati.

Wata safiya na shimfiɗa sallaya sai na ga ɗigon fitsari gauraye da jini a kanta. Washegari na sake gani a kan hulunan da na gama. Muzurun da bai taɓa ɓata ɗaki ba ya koma tsugunawa nan da can, yana wani irin kuka kamar na jariri, yana zuba mini ido. Gwaggona ta leƙo, ta ce dama ta sha gaya mini baƙin muzuru ba dabba ba ne, aljani ne, kuma jini a kan sallaya jifa aka yi mini don kada in sake aure. Wallahi na daina kwana a ɗakin. Na banka hayaƙin habbatussauda na kulle muzurun ciki, ina jin kukansa ina toshe kunne, wai aljanin ne ke ƙonewa. Ko ruwa ban ajiye masa ba.

Da kukan ya tsaya, sai tsoron nawa ya sauya salo. Na buɗe na same shi kwance ya yi amai, mararsa ta yi tauri. Na naɗe shi a zani, na tari napep a Ƙofar Doka zuwa asibitin dabbobi. Likita ya tattaɓa shi, ya ce ciwon mafitsara ne har hanyar fitsarin ta toshe, kuma da na kawo shi ranar da na ga jinin, da an buɗe masa. Ya ce kukan nan na azaba ne, taimako yake nema. A hannuna ya mutu.

Jama'a, in kun ga kyanwa na ta tsugunawa fitsari ba ya fita, ko ya fito da jini, ku yi addu'arku amma ku ruga asibiti. Ni yanzu ba aljani nake tsoro ba. Tsorona ranar da Allah zai tambaye ni dalilin da ya sa na rufe wa marar lafiya ƙofa.