Kanel da Ƙafar Baba

A gidanmu na Ƙofar Wambai ba a taɓa jin Baba ya ce wani abu na damunsa ba. Ko ƙafarsa ta dama da ta kumbura har takalmi ya daina shiga, in ka tambaya sai ya ce lafiya lau, ya ja ta zuwa masallaci. Na yi lallashi, na yi fushi, asibiti dai ya ce ba da shi ba. Tsoro nake kada ƙafar ta lalace.

A lokacin ina zama a zaure da kwamfutata, ina gyara a kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Akwai sashen da ke bin sawun duk abin da na'ura ke yi, sabon sawu yana taka tsoho. In matsala ta taso, sai ka ce ya ɗauki hoton sawun nan take, ya ajiye a gefe kafin ya goge. Na gano cewa in wurin ajiya ya ƙare, ba ya ɗaukar komai, amma sai ya amsa cewa aiki ya yi. Ka je duba hoton, wayam. Haushi ya kama ni sosai. Na gyara shi yadda zai tsaya ya faɗi gaskiya: babu wuri, ban ɗauka ba.

Ranar da masu kula da kanel suka karɓi gyaran, na yi tsalle har na zubar wa Baba kunun gyaɗa. Ya tambayi wace gasa na ci. Na yi masa bayani, na ƙara gishiri da gangan. Na ce duk gyaran bai wuce hana na'ura cewa lafiya lau alhali ba lafiya ba, don mai gyara ya san inda zai taɓa.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce wato har ƙarfe ma na sa wa ido. Ya yi dariya har da tari, ni ma na taya shi. Can ya miƙe ƙafar a kan tabarma, ya daɗe yana kallonta.

"To, 'yar nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙafar nan tana ciwo. Tsayar mana da keke Napep, mu je asibiti."

Ko takalmi ban tsaya sawa ba na fita titi.